Yadda ake kafa masaukin baƙi a tsibirin Likoma ba tare da an ƙwace wa mutanen gari gaɓarsu ba

Likoma tsibiri ne a Tafkin Malawi, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 18. Ƙasar Malawi ce ke da shi, amma ruwan da ya kewaye shi na Mozambik ne, kuma daga Mbamba, inda jirage ke tsayawa, ana hango tsaunukan Mozambik a tsallake. Daga tashar Nkhata Bay tafiyar kusan kilomita 70 ce a kan ruwa. Ƙidayar 2018 ta samu mutum sama da 14,000 a gundumar, har da na ƙaramin tsibirin Chizumulu. Ƙasa ce ta duwatsu da rairayi, ga kuka ko'ina, ga mangwaro, ga 'yan gonakin rogo a tsakanin duwatsun.

A irin wannan wuri, duk abin da masauki zai taɓa ɗayan biyu ne: ko jirgi ya kawo shi, ko an gutsuro shi daga rabon maƙwabta. Gaɓa, itacen girki, kifi, yashi, har da lokacin samarin gari. Shi ya sa jerin aikin a nan ya saɓa wa yadda aka saba. Fili da ruwa da masai su ne farko, ɗakuna daga baya.

Fili: a zauna a gani kafin a taya

Kafin ka yi wa kowa maganar fili, kama ɗaki a cikin gari ka yi wata guda aƙalla. Gaɓar da ka sa wa ido, je mata sau uku a yini: da asuba, da azahar, da dare. Rairayin da ka gani fayau da tsakar rana, da asuba za ka tarar da kwale-kwale sun sauke usipa, ɗan ƙaramin kifin nan da ake kamawa da dare da hasken fitila, mata suna baza shi a kan rumfunan shanya. Can gefe wasu na wanki, yara na ɗiban ruwa. Rubuta komai: inda ake jan kwale-kwale, hanyar da ake bi zuwa ruwa, bishiyar da ake gyaran koma a ƙarƙashinta, da kaburbura idan akwai.

Daga nan sai a bi hanya. Sarautar gargajiya a Malawi hawa-hawa ce: mai ƙauye, shugaban rukunin ƙauyuka, sai babban basaraken yanki. Bayansu akwai majalisar gunduma da ma'aikatar filaye. Dokar filayen gargajiya ta 2016 ta tanadi kwamitocin fili a matakin ƙauyuka, saboda haka sa hannun basarake shi kaɗai ba ya gama magana. A fara tantance ko filin na gargajiya ne, ko na gwamnati, ko na coci, domin a Likoma coci daɗaɗɗen mai gida ne. Wanda ba ɗan ƙasa ba ya sa a ransa haya zai samu, ya kuma nemi lauya ɗan Malawi. Akwai wani tarko da baƙi ke yawan faɗawa: a sassa da dama na ƙasar gado ta wajen uwa yake bi, don haka mutumin da ya fi kowa baki a wurin ciniki yana iya zama miji ne kawai a gidan. A tambayi mata, a tambayi kawunnai.

Abubuwan da ya kamata su shiga takarda ɓaro-ɓaro: hanyar jama'a zuwa ruwa da faɗinta, kamar mita 2, a kafa mata duwatsu, wurin jan kwale-kwale da na shanya kifi, wanda ke da 'ya'yan mangwaro da kukar da ke cikin filin, da lokacin sake duba kuɗin haya. Wannan na ƙarshe kada a yi wasa da shi. A watan Nuwamba na 2023 an rage darajar kwacha, kuɗin Malawi, da kashi 44 cikin 100 a tashi ɗaya. Iyalin da aka ƙulle da tsohon farashi na shekara 20 za su ji an cuce su, kuma gaskiyarsu ce. A sa sharaɗin dubawa duk shekara 2. Idan an gama, a fassara yarjejeniyar zuwa harshen Chichewa, a karanta da ƙarfi a bainar jama'a, safiyo ya kafa alamomin iyaka kowa yana kallo.

Sai zaɓen inda za a aza harsashi. Ruwan tafkin yana hawa yana sauka da kusan mita guda a shekara, ya fi cika wajen Afrilu da Mayu. A 2024 ya yi hawan da ya mamaye masaukai da dama a gaɓar tafkin. Ka sa dattawan masunta su nuna maka iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa a saninsu, ka ƙara mita 2 a tsaye daga nan, sannan ka fara awo. A kuma nemi lungun da dutse ya kare daga kudu maso gabas, domin daga can mwera ke busowa daga wajen Mayu zuwa Agusta, iskar da ke mai da tafki kamar teku.

Ruwa da masai

Lissafin masauki mai ɗaki 6 da baƙi 12: lita 100 ga kowane baƙo, 1,200 ke nan, kicin da wanki 800, ma'aikata 15 a kan lita 30, 450. A ce lita 2,500 a yini.

Daga tafki za a jawo. A shimfiɗa baƙin bututun roba mai kauri milimita 40, a kai shi mita 30 zuwa 50 cikin ruwa, zurfin mita 3 zuwa 5, a danne shi da bulon kankare duk bayan mita 3 don kada igiyar ruwa ta ɗaga shi. Bakinsa ya ɗago rabin mita daga ƙasa, da raga da bawul mai hana ruwa komawa. Idan bakin ya kwanta a rairayi, yashi zai cinye injin cikin 'yan watanni.

Nisa daga gaɓa ba ya raba ruwa da tsargiya. Ƙwayar cutar tana fitowa daga jikin wasu ƙananan katantanwa ta shiga ta fata, kuma a Tafkin Malawi akwai irin katantanwar da ke zaune a buɗaɗɗen rairayi, ba sai cikin ciyayi ba. Sa'ar da aka yi ita ce ƙwayar ba ta wuce kwana biyu a raye idan ba ta samu jikin mutum ba. Don haka a sayi tanki biyu masu lita 5,000. Ana amfani da ɗaya, ɗayan yana kwance awa 48, sai a sauya. A rataya allo a jikin kowane tanki a rubuta ranar da aka cika shi, domin abin da ke rusa wannan tsari shi ne ranar da baƙi suka yi yawa wani ya buɗe tankuna biyu tare. A ɗora tankunan a kan tudu: tsayin mita 10 sama da ɗakuna ya isa shawa ta yi ƙarfi ba tare da wani inji ba.

A zuba garin kulorin mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70, kusan giram 15 a tanki guda, wato babban cokali ɗaya a shafe, bayan an dama shi a bokiti. Bayan rabin awa a gwada. Abin da ake so ya rage a bakin famfo shi ne miligiram 0.2 zuwa 0.5 a lita. Na sha kuma ya bi ta matatar tangaran, a zuba a kwalaben gilashi da ake wankewa. Ruwan roba da aka sayo daga tsallake, robarsa a tsibirin za ta tsufa.

Masai da sokawe su yi nesa da ruwa da mita 30 aƙalla, gindin ramin ya kasance mita 1.5 sama da ruwan ƙasa lokacin da tafki ya fi cika. A kan falalen dutse ruwan ƙazanta ba ya nutsewa, yana bin tsagar dutse ya ɓullo a gaɓa, daidai inda maƙwabta ke ɗiban na sha. Kafin a haƙa, a yi gwaji: rami mai zurfin rabin mita, a cika shi da ruwa sau biyu ya jiƙa, a na uku a duba agogo. Idan ruwan ya ɓace cikin 'yan mintuna, tsaga ce ko tsabar yashi, ba za ta tace komai ba. Idan ya kwana, wurin ba ya sha. Duka biyun a canza wuri. Kada a sa ran motar kwasar masai. A gina rami biyu, idan ɗaya ya cika a rufe shi shekara guda ya bushe ana amfani da ɗayan. Ruwan kicin ya bi ta akwatin tare maiƙo kafin ya kai ga gindin ayaba. Ma'aikata ma a yi musu bandaki mai kyau kamar na baƙi, domin ta fitsari ƙwan tsargiya ke komawa tafki.

Gini

Dutse ne arzikin tsibirin, da shi aka gina babbar majami'ar garin, kuma akwai magina da suka iya shi. A saye shi daga masu gonakin da yake tare wa wuri, a biya kowane tari. Jan bulo da ake gasawa da itace a manta da shi: tun 2018 dokar gine-gine ta Malawi ta hana amfani da shi a ayyukan gwamnati da na kasuwanci, kuma tsibirin ba shi da itacen da zai ba da. In ana son bulo, a matsa na ƙasa da siminti kashi 5 zuwa 8 cikin 100, a rufe shi yana shan yayyafi mako biyu kafin a ɗora. Yashin gini kada ya fito daga gaɓar da ake shanya kifi.

Ɗaki mita 4 da 5 ya wadatar. Dandamalin dutse ya ɗago santimita 45 daga ƙasa, ginshiƙan katako su zauna a kan takalmin ƙarfe don gara, taga biyu masu kallon juna da raga. Rufin ciyawa yana son gangara digiri 45 da kauri santimita 25 zuwa 30. Idan ya kwanta fiye da haka ruwa zai zauna ya ruɓar da shi cikin damina biyu ko uku. Kicin shi kaɗai a yi masa kwano, a ware shi mita 10 daga kowace jinka. Kada harsashi ya shiga ƙarƙashin inuwar kuka, saiwarta a sama-sama take yaɗuwa. A kowane ɗaki a ajiye darduma, a yi alamar alƙibla, wadda daga Likoma arewa take ta ɗan karkata gabas, domin Musulmi daga Nkhotakota da Mangochi suna cikin masu zirga-zirga a tafkin.

Wuta kuwa lissafi ne. Ƙwan fitila 30 masu wat 5 na awa 5, wat-awa 750. Fanka 8 masu wat 30 na awa 8, 1,920. Firji da firiza kusan 2,000. Injin ruwa mai wat 500 na awa 2, 1,000. Caji da intanet 600. Jimla kusan kilowat-awa 6.3 a yini. A yi lissafi da rana mai ƙarfi awa 4 saboda damina, a cire rubu'i na asara, sai a ga ana bukatar kilowat 2.1: farantan sola 6 masu wat 400 da batirin litiyam mai kilowat-awa 10. Tsibirin yana kudu da ikwaita, don haka farantan arewa za su kalla, a karkace digiri 15. Butar lantarki da dutsen guga su ne ke kashe batir, a hana su tun farko. A kafa sandar kariya daga tsawa. Fitilun waje su zama masu launin rawaya, a sunkuyar da su ƙasa, saboda nkhungu, ƙananan ƙwarin da ke tasowa daga tsakiyar tafki kamar hayaƙin gobara. Idan iska ta koro su gaɓa, farar fitila ɗaya ta isa ta cika farantin miya da su.

Jirgi da cefane

Ilala, jirgin da aka ƙera a Sikotland ya fara aiki a tafkin a 1951, shi ne jijiyar tsibirin. Yana tasowa daga Monkey Bay ya haura arewa ya dawo, ya biyo ta Likoma a tafiya da dawowa. Yakan makara, yakan kuma tafi gyara na makonni. Saboda haka a riƙe busasshen abinci da gas da mai na mako 6, a sa alama a sito inda in kaya suka sauka zuwa nan dole a yi oda. A ɗaure komai kamar zai faɗa ruwa: siminti cikin leda biyu, gari da sukari cikin durom mai murfi. Na'urar da ba a iya gyara ta da sifana da sukundireba kada ta ƙetaro.

Cefanen cikin gari yana da nasa haɗarin. Masauki mai kuɗi idan ya shiga ƙaramar kasuwa ya kwashe tumatir da ƙwai, gobe farashi ya tashi wa kowa. Gara a yi yarjejeniya da manoma 4 ko 5 kafin shuka, a ba su iri, a faɗi yawan da za a saya duk mako da farashinsa. Kifi a saya a gaɓa a farashin gari, a ƙi ƙananan chambo, domin kifin ya yi ƙaranci a tafkin. Kampango da usipa sun isa su riƙe tebur. A tambayi jami'in kamun kifi da kwamitin gaɓa na ƙauye watannin da aka hana wasu komaye. A sa kondowole, tuwon rogon da mutanen bakin tafki ke ci, a jerin abinci, amma daga rogon da aka jiƙa kwana 3 zuwa 5 ya saki ɗacinsa.

Wajen ɗaukar ma'aikata, idan aka bar wa mutum ɗaya ya kawo sunaye, za a wayi gari masauki ya zama na gida ɗaya. A yi sanarwa a coci da kasuwa, a raba guraben tsakanin ƙauyukan da ke kewaye, a rubuta albashi da ranar hutu. Duk ƙwararren da aka kawo daga tsallake a haɗa shi da ɗan gari mai koyo, a sa ranar da zai miƙa masa aikin. Da ɗan gari akan ci gari.

Tarihin da ake zuwa gani yana da masu shi

'Yan mishan na Angilika, ƙungiyar jami'o'in Ingila da aka kafa bayan kiran da David Livingstone ya yi a Kambirij a 1857, sun kafa zango a Likoma a shekarun 1880, lokacin da ake ƙetarar da bayi ta tafkin daga wurare irin su Nkhotakota. A 1903 suka fara gina majami'ar Sen Pita, aka keɓe ta a 1911. Tsawonta ya kai kusan mita 100, a tsibirin da mutum zai ratsa da ƙafa cikin 'yan awoyi. Makarantun mishan ɗin ne suka sa Likoma ta yi suna da masu ilimi tun da wuri.

Majami'ar wurin ibada ce har gobe. Kafin baƙo na farko ya taka ƙofarta, a zauna da shugabannin cocin a ji lokutan da suka yarda da ziyara, da irin suturar da suke so, da hukuncin ɗaukar hoto. Kuɗin ziyara baƙo ya sa da hannunsa a akwatin coci, kada ya bi ta asusun masauki. Ranar Lahadi wanda ya shiga ya zauna har a tashi.

Wurin da majami'ar take sunansa Chipyela, wato wurin ƙonawa, domin a nan ake ƙone waɗanda aka zarga da maita a da. Labari ne mai jan kunnen baƙo, kuma nan ne ɗan rakiya mai neman tukwici ke fara ƙara gishiri. Jikokin waɗanda abin ya shafa suna garin. A tara dattawa, maza da mata, su faɗi yadda suke so a ba da labarin da abin da ba sa so a faɗa, a rubuta, 'yan rakiya su tsaya a kai. Duk hirar da aka naɗa, a nemi izini a rubuce, a bai wa mai maganar kwafi, a ajiye wani a makarantar garin.

Haka malipenga, rawar maza da ta samo asali daga kwaikwayon faretin sojan mulkin mallaka, da fararen kaya da ƙahonin duma masu ƙara kamar bigila, da chioda ta mata. Idan aka mai da su wasan minti 15 bayan cin abincin dare, cikin shekara biyu za a samu 'yan rawar masauki daban, na gari daban, da gaba a tsakani. Abin da ya fi shi ne a san lokacin da ƙungiyoyin ke gasarsu a ƙauyuka, a kai baƙi can su zauna inda aka nuna musu, a biya ƙungiya ta hannun ma'ajinta a gaban 'yan ƙungiya.

Asusun gari kuma a gina shi a kan kwanan baƙo, kada a ce kaso daga riba, domin riba ba wanda ke ganinta sai mai littafi. A yanke adadi a kan kowane dare, a rubuta shi a rasit. Ɗaki 6 sau 365 dare 2,190 ne. A yi hasashe da kashi 30 cikin 100, wato dare 657, a faɗa wa mutane wannan adadin tun farko don kada a yi zaton miliyoyi. Asusu daban, masu sa hannu uku, biyu daga gari, ɗaya daga cikinsu mace. Duk wata 3 a manna lissafi a allon kasuwa. Taron gari ne zai zaɓi abin da za a yi da kuɗin, ko da mai masauki yana ganin wani abin ya fi. Rabon alawa da biro ga yara a hanya a hana baƙi. Mai son taimako a haɗa shi da shugaban makaranta.

Kwale-kwale, jinya da shara

Chauncy Maples, bishop ɗin mishan na Likoma, a tafkin nan ya nutse a 1895, lokacin da hadari ya kifar da jirginsa, kuma iskar ba ta canza hali ba. Kwale-kwalen masauki ya kasance da rigar ruwa ga kowane mazauni har da ta yara, filafili biyu, abin kwarfar ruwa, anga, fulogi na ajiya, da waya cikin leda. Man inji kashi uku: na zuwa, na dawowa, na ko-ta-kwana. Lokacin mwera da sassafe ake fita, kuma idan matuƙi ya ce a'a, magana ta ƙare ko baƙo zai rasa jirginsa na sama. Ƙetarawa garin Cobue na Mozambik shiga wata ƙasa ce, sai da fasfo da hatimin shige da fice. Wurin iyo kuwa masunta za a tambaya, su suka san inda kada ke fitowa.

Kowane gado da gidan sauro mai magani. Idan ya tsufa a yayyanka shi kafin a zubar, in ba haka ba zai koma komar kamun 'ya'yan kifi. Akwai asibitin Sen Pita a tsibirin. Babbar jinya sai birnin Mzuzu, ta ruwa zuwa Nkhata Bay sannan ta mota, ko ta ƙaramin filin jirgin saman Likoma, don haka a tambayi inshorar baƙo tun wajen rajista. A ba duk wanda ya shiga tafki takarda mai bayanin tsargiya: maganin praziquantel ba ya kashe tsutsar tana ƙarama, sai bayan mako 6 zuwa 8 ake gwaji a sha bisa awon likita. Ma'aikata a gwada su duk shekara da kuɗin masauki.

Shara kashi huɗu za a raba ta. Ragowar abinci ta tafi takin lambu. Takarda a ƙone ta a durom, nesa da jinka. Kwalba da gwangwani a wanke, masu bukata a gari su ɗiba. Roba, tsohon batir, ƙwan fitila da baƙin mai a tara su a duroman da suka kawo gari da sukari, a rubuta nauyinsu a littafin sito, su bi jirgin da zai koma Nkhata Bay.